Sarƙoƙi goma sha uku a kan Kogin Dadu

A ƙarshen daminar da ta wuce ne ƙanena, wanda yake karatu a birnin Chengdu na ƙasar Sin, ya aiko mini da wani hoto daga tafiyar da suka yi da abokan karatunsa zuwa tsaunukan yammacin lardin Sichuan. Yana tsaye a tsakiyar wata gada, ya damƙe ƙatuwar sarƙar ƙarfe da hannu bibbiyu, yana irin murmushin nan da mutum kan yi idan cikinsa ya ɗuri ruwa amma ba ya so a gane. Ta tsakanin katakan da yake takawa ana hango kogi a can ƙasa yana gudu yana kumfa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa: "Yaya, gadar nan lilo take yi da mutum ko babu iska, kuma wai a nan ne wasu sojoji suka rarrafa a kan sarƙa zalla ana yi musu ruwan harsashi." Gadar ita ce ta Luding, kogin shi ne Dadu, ranar da yake magana a kanta kuma ita ce 29 ga Mayu, 1935. Na ɗauka karatun dare ɗaya zai ishe ni in ba shi amsa, sai ga shi na shafe makonni ina bin labarin, domin faɗan da aka yi a mashigin bai wuce na yamma ɗaya ba, amma gardamar abin da ya faru a yamman har yau ba ta kwanta ba.

Gadar ta girmi rikicin da ya yi mata suna da fiye da shekara 200. An kammala ta a 1706, zamanin Sarki Kangxi na daular Qing, a kan hanyar da ta haɗa Sichuan da yankunan Tibet, wadda 'yan dako suke bi da curin ganyen shayi a gadon bayansu zuwa kasuwar Kangding. Tsawonta mita 100 da 'yan kai ne, faɗinta kamar mita 3, kuma ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa. Sarƙoƙi 13 ne suke riƙe da ita: guda 9 an miƙe su a jere an shimfiɗa katako a kai, su ne daɓen da ake takawa, sauran 4 kuwa, biyu a dama biyu a hagu, su ne abin dafawa. An kafe bakin sarƙoƙin a cikin ginin dutse a kowace gaɓa, aka yi wani ɗan zaure a kai wanda dole mai hawa ko mai sauka ya ratsa ta cikinsa, garin Luding kuma yana manne da zauren da ke gaɓar gabas. Shi kansa kogin daga tsaunuka masu dusar ƙanƙara yake gangarowa, kuma a watan Mayu, lokacin da ƙanƙarar take narkewa ruwan sama kuma ya fara sauka, yakan cika ya matse tsakanin duwatsu da gudu da sanyin da ba a maganar iyo a cikinsa.

Gudun tsira ne ya kawo sojojin kwaminis bakin wannan ruwa. Tun 1927 da ƙawance ya watse tsakanin jam'iyyar Kuomintang ta Chiang Kai-shek, wadda ta zo ta riƙe gwamnatin Sin, da jam'iyyar kwaminis ɓangarorin biyu suke gwabzawa, har 'yan kwaminis suka kafa tungarsu a kudancin lardin Jiangxi da hedikwata a Ruijin. Sau huɗu Chiang yana kai musu farmaki bai ci nasara ba, a na biyar sai ya sake dabara, ya kewaye su da ƙananan ganuwoyi yana matsowa sannu a hankali, ya hana ko gishiri shiga. A watan Oktoba na 1934 mutum wajen 86,000 suka fasa ƙawanyar suka nausa yamma, tafiyar da daga baya aka raɗa wa suna Dogon Tattaki. A ƙarshen Nuwamba aka yi musu mummunar ɓarna a Kogin Xiang, waɗanda suka rage bayan an ƙetare ba su wuce 30,000 da wani abu ba, tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama da waɗanda suka sulale suka koma gida. Wannan masifa ce ta buɗe wa Mao Zedong ƙofar dawowa cikin masu yanke shawarar yaƙi a taron Zunyi na Janairun 1935. Daga nan tafiyar ta zama daga wannan kogi sai wancan: Chishui har sau huɗu, sannan Jinsha a farkon Mayu, inda jirage 7 suka kwana suka wuni suna fito na kwanaki a mashigin Jiaopingdu. Burinsu su haɗu da babbar rundunar kwaminis ta Zhang Guotao a arewacin Sichuan, Dadu kuma shi ne babban ruwa na ƙarshe da ya raba su da ita.

Babu babban hafsa a ɓangarorin biyu da bai san abin da ya taɓa faruwa a wannan gaɓa shekara 72 kafin nan ba. A Mayun 1863 Shi Dakai, ɗaya daga cikin fitattun jagororin tawayen Taiping da aka yi wa daular Qing, ya iso wurin da yanzu ake kira Anshunchang da dubban mayaƙa. Labarin da ya shahara a bakin mutane shi ne an yi masa haihuwar ɗa namiji, ya tsai da runduna kwana uku ana shagali, kafin a watse kuwa kogi ya kawo. Sojojin Qing suka tare ƙetare, sarakunan gargajiyar yankin suka toshe hanyoyin baya, yunwa ta ci mutanensa har suka koma yanka dawakansu. A watan Yuni ya miƙa kansa da fatan a bar mabiyansa da rai, aka kai shi Chengdu aka yi masa kisan gilla, aka kuma karkashe da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye makami. Chiang Kai-shek ya ci alwashin mai da jagororin kwaminis Shi Dakai na biyu, kuma duk wanda ya dubi taswira ba zai ce ya yi wauta ba, domin gabansu kogi ne a cike, hagu da dama tsaunuka, a bayansu kuma rundunar Janar Xue Yue, hafsan Chiang, tana tafe da tazarar 'yan kwanaki.

Abu na farko da ya raba 1935 da 1863 shi ne mutanen Yi, mazauna tsaunukan Liangshan, waɗanda suka daɗe ba sa ga-maciji da sojan kowace gwamnatin Sin. Liu Bocheng, babban hafsan Jar Runduna, wato sojojin kwaminis, kuma haifaffen Sichuan, ya ƙulla rantsuwar 'yan'uwantaka da wani shugabansu mai suna Xiao Yedan a ranar 22 ga Mayu, aka yanka zakara aka ɗiga jininsa a ruwa suka sha, aka buɗe musu hanya. A daren 24 ga wata suka auka wa Anshunchang ba zato, suka sami jirgi guda ɗaya. Washegari mutum 17, ko 18 idan aka sa kwamandan bataliyarsu a lissafi, suka ratsa kogin a jirgin nan tare da matuƙa 'yan garin, 'yan'uwansu suna kare su daga baya da manyan bindigogi da ƙaramar igwa, har suka kama ɗaya gaɓar. A ganina wannan fiton bai gaza abin da aka yi a gadar haɗari ba, musamman ga matuƙan nan talakawa da ba su da bindiga kuma yaƙin ba nasu ba ne.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran fito a bakin gulbi ranar kasuwa da damina ya san cewa samun jirgi daban, ƙetarar da jama'a daban. An ƙara samo jirage biyu ko uku, amma ƙarfin ruwa ya hana kafa gadar wucin gadi. Na ɗauki biro na gwada lissafin da kaina. A ce jirage uku ne, kowanne yana ɗaukar mutum 40, yana sawu ɗaya a awa, ana aiki awa 12 na hasken rana, to mutum 1,440 ke nan a yini. Runduna mai mutum 20,000 za ta buƙaci mako biyu cur, ba a sa dawakai da alfadarai da kaya da majinyata ba, kuma da sharaɗin babu jirgin da ya daki dutse ya fashe. Xue Yue ba zai ba su mako biyu ba. Da jagororinsu Mao da Zhou Enlai da Zhu De suka iso a ranar 26 ga wata sai aka yanke shawarar raba runduna biyu. A sama da Anshunchang kogin yana yin gwiwa ya miƙe arewa, saboda haka waɗanda suka riga suka ƙetare, a ƙarƙashin Liu Bocheng da Nie Rongzhen, za su haura ta gaɓar gabas, sauran kuma su bi ta yamma, kowa ya nufi gadar Luding mai nisan li 320 a awon Sinawa, wato kilomita 160. Idan ba a sami gadar ba, rundunar ta rabu ke nan, kogi a tsakani.

Ƙaramar runduna ta 4 aka sa a gaba a gaɓar yamma, kwamandanta Wang Kaixiang, jami'in jam'iyya a cikinta kuma Yang Chengwu, saurayi ɗan shekara 20, wanda abin da ya rubuta daga baya shi ne tushen mafi yawan labarin da ake bayarwa. Sun tashi da safiyar 27 ga wata da wa'adin kwana uku. Hanyar 'yar siririyar turba ce a jikin dutse, hawa da gangara, ana harbinsu jifa-jifa daga ƙetare, ga kuma 'yan tsaro da dole a kore su daga kan hanya, saboda haka a ranar farko li 80 kaɗai suka ci. Da safiyar 28 ga wata manzo ya iso a kan doki da umarni daga Lin Biao, babban kwamandan da ke sama da su, cewa an rage wa'adin, dole a kama gadar a ranar 29. Saura li 240, kilomita 120, a yini ɗaya da dare ɗaya. Ba a tsaya taro ba, jami'ai suka riƙa bin layi da gudu suna sanar da umarnin, ba a kuma tsaya girki ba, ɗanyar shinkafa kowa yake watsawa a baki yana tauna yana tafiya. Da dare ya yi ruwa ya tsuge, turba ta yi santsi, duhu ya hana mutum ganin ƙafarsa.

A nan ne ɓangaren da ya fi kama mini hankali. Yang ya ce suna cikin lalube sai suka hango jerin wuta a ɗaya gaɓar, sojojin gwamnati ne ɗauke da bakin wuta suna sauri su ma zuwa Luding domin ƙarfafa masu gadin gadar. Maimakon su ci gaba da tafiya a duhu suna faɗuwa, sai 'yan kwaminis suka ɗaɗɗaure gora suka kunna tasu wutar, da aka busa musu begila daga ƙetare ana tambayar ko su wane ne, sai suka amsa da irin busar rundunar gwamnati da suka fatattaka a hanya, 'yan Sichuan da ke cikinsu kuma suka ɗaga murya da karin harshen yankin. Haka layuka biyu na abokan gaba suka jera suna tafiya, wutarsu tana haska ruwan da ke tsakaninsu, har ruwan sama ya ƙara ƙarfi, na gabas suka kashe wuta suka nemi makwanci, na yamma kuwa suka yar da kaya masu nauyi da dabbobi suka ci gaba. Da misalin ƙarfe 6 na safiyar 29 ga wata na gaba-gaba suka iso bakin gadar. Kilomita 120 a awa 24 na nufin kilomita 5 a kowace awa ba hutu, a kan dutse, cikin ruwan sama. Li a tsaunukan Sin ba tsayayyen awo ba ne, adadin da ake ƙirgawa yakan ƙaru idan hanya ta yi wuya, amma ko mutum ya zaftare rubu'in adadin, abin da ya rage ya isa a jinjina wa ƙafafun da suka taka shi da takalman ciyawa.

Yadda labarin hukuma ya zo, sun tarar an kwashe katakan gadar, sai sarƙoƙi tsirara suna reto a kan ruwa, masu gadi kuma sun girka buhunan yashi da bindigogi a zauren gabas suna yi musu ba'a cewa in sun isa su tashi sama su zo. Aka yi taron hafsoshi a wani cocin Katolika da ke gaɓar yamma, aka zaɓi mutum 22 a ƙarƙashin wani kwamandan kamfanin soja mai suna Liao Dazhu, kowanne da ƙaramar bindiga da gurneti da takobi a baya. Da ƙarfe 4 na yamma aka busa begila gaba ɗaya, duk bindigogin gaɓar yamma suka buɗe wuta, su 22 suka hau sarƙoƙin da rarrafe, wani kamfani kuma yana biye da su da ƙyamare da allunan da aka tattaro daga gidajen mutane yana shimfiɗawa. Da suka kusa kaiwa sai masu gadi suka cinna wa zauren gabas wuta, suka kutsa ta cikin wutar suka faɗa gari, zuwa dare Luding ya faɗa hannunsu. Waɗanda suka mutu a kan gadar uku ne ko huɗu, gwargwadon wanda yake ba da labarin.

To, a kan wannan adadin ne gardama take farawa, domin mai hankali zai tambaya yadda mutum 22 za su rarrafa mita 100 a sarari, a gaban manyan bindigogi, a rasa huɗu kacal. Tun a rubuce-rubucen farko ma akwai saɓani. Edgar Snow, ɗan jaridar Amurka da ya ziyarci 'yan kwaminis a arewa maso yammacin Sin a 1936 kuma littafinsa na 1937 ya kai labarin ga duniya, bai ga gadar da idonsa ba, daga bakin waɗanda suka yi tattakin ya ji, kuma a wurinsa mutum 30 ne, katakan da aka cire kuma rabi ne. A 2005 Jung Chang da Jon Halliday suka fitar da littafinsu a kan rayuwar Mao, suka ce sam ba a yi wani yaƙi a gadar ba, ƙage ne, suna kafa hujja da wata tsohuwa 'yar garin da ta ce ba ta ga faɗa a kan gadar ba, har suka ƙara da cewa da gangan Chiang ya bar 'yan kwaminis suka wuce saboda ɗansa, Chiang Ching-kuo, yana hannun Tarayyar Sobiyat a lokacin. Masana tarihin Sin da dama, cikinsu har da Andrew Nathan wanda ba masoyin Mao ba ne, sun soki yadda littafin yake sarrafa hujjoji. Wasu Turawan Ingila biyu, Ed Jocelyn da Andrew McEwen, da suka bi sawun tattakin a ƙafa tsakanin 2002 da 2003, sun sami tasu dattijuwar wadda ta ce ta tuna an yi harbe-harbe. Sun Shuyun, marubuciya 'yar ƙasar Sin da ta bi hanyar tana hira da tsofaffi, abin da ta tattaro ya nuna an yi faɗa, amma masu gadin kaɗan ne, makamansu tsofaffi, kuma ba su jima ba suka arce. Sai kuma shaidar Zbigniew Brzezinski, tsohon mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, wanda ya ziyarci gadar, ya kuma ce da ya yaba wa Deng Xiaoping, jagoran ƙasar Sin a lokacin, jaruntar da aka nuna a wurin, sai Deng, wanda shi ma ya yi tattakin, ya nuna masa cewa farfaganda ce ta girmama abin, a zahiri aiki ne mai sauƙi da aka yi da sojojin wani madugun yaƙi masu bindigogin da ba su fi harba-ka-ruga ba.

Bayan na jera waɗannan duka, inda na tsaya shi ne an yi faɗa, an hau gadar ana harbi, wasu sun faɗa ruwa, kuma duk wanda ya ga hoton ƙanena a kan gadar da katakonta cikakku ba zai raina wanda ya hau ta da rabin katako ba, balle babu. Amma maganar ta riga ta ƙare kafin ƙarfe 4 na yamman nan, a wurare uku da ba a cika zana su a hoto ba. Na farko shi ne tattakin daren 28 ga wata, wanda ya sa aka iso tun masu gadin ba su gama shiri ba, domin su ma isowarsu ke nan, ƙarin sojojin da aka turo musu kuma suna kwance a hanya. Na biyu shi ne rundunar gaɓar gabas. Yayin da ake shirin hawa sarƙoƙi, mutanen Liu Bocheng suna haurowa ta bayan masu gadin suna fasa tungayensu da ke ƙasan garin, kuma soja da ya san ana zuwa a toshe masa hanyar gudu ba ya tsayawa ya saita bindiga da kyau. Wannan ya fi komai bayyana mini ƙarancin waɗanda suka mutu a kan gadar. Masu cewa mu'ujiza ce da masu cewa ƙarya ce duk sun zuba wa mita 100 ido, sun manta da kilomita 160 da ke bayansu.

Na uku shi ne mutumin da gadar take hannunsa, Liu Wenhui, kwamandan runduna ta 24, wanda a suna yana ƙarƙashin gwamnatin Chiang amma a aikace shi ne gwamnatin kansa. Da ya ba da umarni an tsinke sarƙoƙin 13, ko an fasa ginin da ya riƙe su, da babu jarunta ko saurin ƙafa da zai yi amfani. Bai yi ba, katako kawai aka cire, kuma halin da yake ciki ya isa ya bayyana dalili. Tsakanin 1932 da 1933 ya gwabza da Liu Xiang, wanda a dangantaka ɗa ne a wurinsa, ya sha kashi, ya rasa Chengdu da filayenta masu albarka, ya koma Ya'an da tsaunukan yamma da ragowar sojoji. Gadar Luding ita ce ta haɗa shi da Kangding da cinikin da yake samun haraji daga gare shi, tsinke ta tamkar yanke wa kansa hanyar abinci ne, kuma mai da sarƙoƙi irin waɗannan ba aikin mako ba ne. Sannan ya ga abin da ya sami Wang Jialie mai mulkin lardin Guizhou a watannin nan, inda sojojin Chiang suka shiga da sunan bin 'yan kwaminis, kafin a ankara an raba Wang da mulkinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga madugun yaƙi irin Liu, 'yan kwaminis baƙi ne masu wucewa, sojojin Chiang kuwa baƙi ne masu zama, kuma duk sojan da ya rasa wajen tare na farko ya rage masa ƙarfin tsayawa a gaban na biyu. Ba sai an nemo wata yarjejeniyar sirri tsakanin Chiang da Mosko ba kafin a fahimci wannan, kuma gawawwakin Kogin Xiang ba su yi kama da aikin mutumin da yake son abokan gabansa su tsira ba.

Ban yi mamakin yadda sarƙoƙin suka cinye sauran labarin ba. Tattakin dare cikin laka ba ya zanuwa, lissafin madugun yaƙi kuma ba abin da jam'iyya za ta so ta koya wa yara ba ne, amma mutum 22 a rataye tsakanin sama da ruwa, wuta a gabansu, hoto ne da ko yaro zai riƙe. Mao da kansa ya ambaci sanyin sarƙoƙin Dadu a waƙar da ya rubuta kan tattakin a Oktoban 1935, bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949 labarin ya shiga littattafan firamare da zane-zane da wasannin dandali, a 1961 kuma gadar ta shiga jerin farko na wuraren tarihi da gwamnatin ƙasar take karewa. Ƙanena ya ce babu abokin karatunsa Basine da bai san labarin tun yana ƙarami ba, kuma da ya kawo musu maganar masu musu sai ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce a bar mai musun ya hau gadar tukuna.

Zuwa 2 ga Yuni babbar rundunar ta gama ƙetarewa. Ta haye tsaunin Jiajin mai dusar ƙanƙara, ta haɗu da mutanen Zhang Guotao a tsakiyar watan, aka yi murna, ba a jima ba kuma aka ɓata aka rabu, waɗanda suka isa arewacin Shaanxi tare da Mao a watan Oktoba ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Waɗanda suka tsira daga cikin su 22 an ba kowannensu tukuicin riga da wando, da littafin rubutu, da alƙalami, da kwanon cin abinci da tsinkayensa, wanda a wancan hali babbar kyauta ce, amma sunayen da yawa daga cikinsu sun ɓace a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, har ta kai a wurin tunawa da su a Luding akwai ginshiƙan dutse da suke tsaye babu suna a jikinsu. Yang Chengwu ya zama babban janar, ya rayu har 2004. Liu Wenhui kuwa ya riƙe tsaunukansa, ya zama gwamnan lardin Xikang a 1939, a Disamban 1949 da ya ga inda iska ta kaɗa sai ya juya wa Chiang baya ya bi 'yan kwaminis. Gwamnatin mutanen da aka ce ya tare a bakin Dadu ta naɗa shi ministan gandun daji a 1959, ya rasu a Beijing a 1976, 'yan watanni kafin Mao.